Ba Kowane Jini Ne Basir Ba: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe

 

Ni ba likita ba ne, malamin aji huɗu ne. Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne rasuwar yayana, wanda muka binne bara, bai cika shekara hamsin ba. Shekara biyu yana ganin jini a bayan gida, yana cewa basir ne. Duk mai maganin da ya ɗaura lasifika a mota ranar kasuwa, sai da ya ci kuɗinsa. Kunya ta hana shi gaya wa likita. Ranar da cikinsa ya toshe, aka gano sankarar babban hanji ce, ta riga ta kai hanta.

A zaman jinya na koyi abin da nake fata da mun sani tun da wuri. Wannan ciwo yakan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda ba ya zafi, kuma yakan ɗauki kimanin shekara goma kafin ya rikiɗe. Idan aka gan shi da wuri, cire shi ake yi, magana ta ƙare. Mu da muke gaya wa iyaye cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, bai kamata wannan ya zame mana baƙon karatu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 ciwon ya kashe mutane sama da 900,000, shi ne na biyu wajen kisa a cikin cututtukan daji.

Gwaji iri biyu ne. Akwai na bayan gida, mai gano jinin da ido ba ya gani, ana yin sa duk shekara. Akwai kuma wanda ake leƙa hanji da siririn bututu mai kyamara. Idan ba a ga komai ba, sai bayan shekara goma. A Amurka, tun 2021 an rage shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Wanda mahaifi ko ɗan uwansa na jini ya yi ciwon, kamar ni, a 40 ake so ya fara, ko ma kafin nan. Na je an leƙa nawa, ga ni tsaye. Wanda kuwa ya ga jini, ko gudawa da taurin ciki suna karɓa-karɓa, ko rama ba dalili, ko ƙarancin jini, kada ya jira shekaru, ya ga likita a makon nan.

Sai batun inda za a yi jinya, kuma a nan muka yi kuskure na biyu. Don kusa da arha, muka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka yi aiki, ba a aika naman da aka cire ɗakin bincike ba. Muka ɓata wata uku. Matambayi ba ya ɓata, saboda haka ku yi tambaya huɗu. Shin za a gwada naman, a ba mu sakamako a rubuce? Shin za a ɗauki hoton ciki da ƙirji, a san inda ciwon ya kai? Shin likitan fiɗa ya saba da aikin hanji? Shin yana zama da likitan daji su tsara magani tare?

Irin wannan haɗin a asibitocin koyarwa aka fi samunsa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Idan ciwon a dubura yake, sau da yawa akan buƙaci gashi da na'ura, don haka a tambaya ko tana aiki kafin a kama hanya. A kuma lissafa nisa, domin maganin da ake bayarwa bayan fiɗa yakan ɗauki wata uku zuwa shida, ana komawa duk mako biyu ko uku. Wanda ya sayar da gona ya tafi Indiya ko Masar, ya sani a gida zai ci gaba da ganin likita shekaru.

Mai girma shugaba, roƙona biyu ne. Reshe ya gayyato likita taronmu na gaba, ya kuma bayyana mana abin da inshorar lafiyarmu ke biya. Sannan asusunmu na taimakon juna, da yake ba da rancen babur da ragon layya, ya ware rancen gwaji ga duk wanda ya kai 45.

Yayana ya bar marayu shida, biyu suna makarantar da nake koyarwa. Allah Ya jiƙansa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.