Shekarar fari ta yaro a makarantar soja

Jawabin malamin lakwal a wurin taron ƙungiya na ƙarshen damina



An nemi in yi bayani bisa makarantar soja ta yara, wadda ake ce ma Piritane, don iyaye da yawa suna tambaya a kanta. Zan tsaya ga shekarar fari, don nan ne wuyar take.

Irin wagga makaranta ba baƙon abu ba ce. Tun 1923 Faransawa sunka buɗe ɗaya a San-Luwi, cikin Senegal, kuma akwai wata a Kati, cikin Mali. Marigayi Janar Saini Kunce, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987, ya bi ta Kati da San-Luwi tun shina yaro. Janar Ali Saibu da ya gaje shi, shi ma San-Luwi ya yi. A lokacin nan sai yaro ya bar ƙasa tukuna. A 1996 anka buɗe tamu a Yamai.

Ana shiga ta hanyar konkur bayan aji na 6 na firamare. Karatun shekara 7 ne: 4 zuwa birbe, 3 zuwa bak, kamar kolej da lise. Bambancin shi ne can yaro ke kwana, shina cikin kaki, kuma ƙarƙashin dokar soja yake dare da rana.

To, ina zancen shekarar fari? Ranar da yaro ya shiga za a aske mai kai, a ba shi kaki da takalma, a ba shi lamba, a nuna mai gado cikin ɗaki mai yawan gadaje. Maƙwabcinsa ko Bazabarme ne, ko Buzu, ko Babarbare, ko ma ɗan wata ƙasa. Da asuba za a busa, kowa ya miƙe: gudu, wanka, shara, gyaran gado har bargo ya kwanta ba lanƙwasa ko ɗaya. Sannan a yi layi a ɗaga tuta, a tafi aji. Da dare akwai zaman nazari, bayansa a kashe fitila. Duk wanda ya fi shi galo sai ya ƙame ya sara mai. In maɓallin rigarsa ya tsinke, shi za shi ɗinka. In mutum guda ya yi laifi, sau da yawa ɗaki duka ke shan horo, don su koyi cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku tuna yaron nan bai fi shekara 12 ko 13 ba. Jiya uwarsa ke tashe shi, ta miƙa mai fura. Don haka watannin farko babu wanda ba ya kewar gida, har da masu taurin rai. Ba gudun ne ke karya yaro ba, ɗan ƙauye ya saba da noma da kiwo. Abu biyu ne: kewa, da faransanci. Yaron da bai iya dikte da lissafi sosai ba, ga gajiya ga barci cikin aji, sai makinsa ya faɗi. Makaranta ce kafin ta zama bariki, kuma kaki ba ya ceton wanda ya kasa karatu.

Saboda haka ina da roƙo huɗu.

Na ɗaya, kada mu tura yaro can don ya gagare mu. Wurin ba gidan horon kangararru ba ne. A tura wanda ke so, kuma kansa ke ja.

Na biyu, in ya kira waya shina kuka, shina cewa a zo a ɗauke shi, kada uba ya shiga mota ranar nan. Ku lallashe shi, ku sa mai albarka, ku ce ya jira hutun farko. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Iyayenmu mata, wagga magana taku ce musamman.

Na uku, haƙuri ba shi ne rufe ido ba. Horo daban, zalunci daban. In kun ga rauni a jikin yaro, ko kun ji manyan ɗalibai suna ƙwace mai abinci ko kuɗi, ku tafi wurin shugabannin makaranta da ladabi ku faɗa. Wannan hakkinku ne.

Na huɗu, ku mazauna Yamai, ku ne uwa da uba gare shi. Ranar ziyara yaron da ba a zo wurinsa ba shina tsaye shina kallon na wasu, wannan ya fi kowane horo zafi. Ina ba ƙungiya shawara ta naɗa mutum guda ga kowane yaro, mai kai mai sabulu da ɗan ƙuli-ƙuli, ya kuma aiko ma iyaye labari.

Abu na ƙarshe: kada mu fara kiran yaro Kapitan tun bai gama shekarar fari ba. Bak ba ta ba da galo. Mai son zama hafsa sai ya sake wani konkur, ya sake zama sabon shiga a makarantar hafsoshi. Wasu kuma likita ko injiniya suke zama, duk amfanin ƙasa ne.

Wanda ke da yaro a aji na 6 kuma shina da niyya, ya same ni a lakwal tun farkon shekara, mu fara shiri. Allah shi raya mana ɗiyanmu, shi ba ƙasarmu zaman lafiya.