Hayaƙin Birni Da Ciwon Fuka: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kurmi

(An yi wannan jawabi ne a Kagarko, a gaban jama'ar da suka zo ganin gida daga biranen Kudu.)

Iyayenmu, malamanmu, da 'yan'uwa da kuka taso daga Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma roƙon Allah ya mai da kowa wurin sana'arsa lafiya.

Maganar da na zo da ita yau ta shafi abin da ba a sayarwa a kasuwa, ba a kuma auna shi da mudu, wato iskar da muke shaƙa. Mutum yana iya ƙin abincin da bai yarda da shi ba, yana iya tafasa ruwa kafin ya sha, amma iskar da ta same shi a bakin titi ba shi da yadda zai yi da ita sai ya ja ta cikin ƙirjinsa.

Ba yau mutanen wannan yanki suka fara tafiya Kurmi ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kafanchan a cikin 1927 kakanninmu ke bin ta zuwa Inugu da Fatakwal, kuma dattawan da ke zaune a nan za su tuna da baƙin hayaƙin kwal da jirgin ke tuɗaɗawa. Amma wancan hayaƙi yakan wuce tare da jirginsa. Na biranen yanzu ba ya wucewa, a cikinsa ake kwana, a cikinsa ake tashi.

A cikin 2020 Bankin Duniya ya fitar da sakamakon wani bincike game da Ikko. Ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 kaɗai gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutane wajen 11,200 a birnin, kuma fiye da rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ke yin wannan ɓarna wata ƙura ce mai laushi ƙwarai, wadda ƙwayarta ta fi silin gashi siranta har sau 30. Gashin hanci ba ya tare ta, sai ta zarce can cikin huhu. Ma'aunin wannan ƙura a iskar Ikko ya kai 68, alhali kuwa a lokacin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce 10, sa'an nan a 2021 ta rage shi zuwa 5. Motoci ne a kan gaba wajen haifar da ita, sai masana'antu da janareta, sai kuma ƙona shara.

To, jama'a, su wane ne suka fi kusa da bakin salansa? Ba maigidan da ke cikin mota mai sanyi, gilashi a rufe, ba ne. Ɗan acaɓa ne, da mai tura baro, da mai shayi a bakin tasha, da direban tanka da kan yi kwanaki cikin layi a Apapa. Maigadi ne da aka ba shi ɗaki jikin janareta. Mai tsire ne da ke tsaye a kan tukuba tun la'asar har tsakar dare, da mahaucin da ke babbaka da tsohuwar taya. Ku duba waɗannan sana'o'i da kyau, za ku ga namu ne suka fi yawa a cikinsu. Iyalanmu kuwa a ɗaki guda suke, a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, ga risho, ga gawayi, ga maganin sauro na kunnawa, taga kuma a rufe saboda tsoron ɓarayi.

Mutanen Fatakwal ba sai an ba su labari ba, gani ya kori ji. Daga ƙarshen 2016 suka fara wayar gari da kunkunniya a kan motoci da shanya da tafin ƙafar yara, galibi daga haramtattun matatun mai na cikin fadamu da kuma ƙona kayan da aka kama. A cikin 2018 sai da mutanen gari suka fito zanga-zanga a kanta.

Yanzu bari in zo kan fuka, wadda likitoci ke kira asma. Ba iskoki ba ne, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarta wajen cin abinci da mai ita. Hanyoyin da iska ke bi cikin huhu ne suke kumbura, su tsuke, majina ta taru a ciki, sai numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana fito kamar an busa sarewa. Sau da yawa ana gādon ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutane miliyan 262 ke fama da ita, ta kuma kashe 455,000. Mai fuka yana iya yin watanni lafiya lau, yana sana'arsa. Hayaƙi da ƙura da mura su ne kan tayar da ita, su mai da ciwon da ake zaune da shi a gida ya zama na gadon asibiti.

Akwai wata shari'a da aka yi a Ingila da ta bayyana wannan sosai. Wata yarinya 'yar shekara 9, wadda gidansu ke kusa da wani babban titi a kudancin Landan, an kai ta asibiti kusan sau 30 cikin shekara 3, ta rasu a 2013. Mahaifiyarta ta dage, har a watan Disamba na 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa hayaƙin motoci yana cikin abubuwan da suka kashe ta. Wannan fa a ƙasar da ta kafa dokar tsabtace iska tun 1956, bayan hazon hayaƙin 1952 da ya hallaka dubban mutane cikin 'yan kwanaki. Mu a nan, yaro nawa aka binne aka ce sanyi ne ya kama shi?

Ga inda na fi so ku ba ni hankalinku. Al'adarmu ce idan yaro ya matsa da tari a Kurmi, sai a ce a kai shi gida ya sha iskar Arewa. Da damina, ban musa ba, iskar Kagarko ta fi ta Oshodi nesa ba kusa ba, kuma yaro yakan sami sauƙi. Daga nan sai kaka ta ce ya warke, a jefar da magani. Amma daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe, ya baza mana ita. A lokacin ne kuma ake cinna wa daji wuta domin farauta da sharar gona, masu gawayi suna turnuƙe itace, ga buhunansu nan jere a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna. Da dare a rufe ɗaki a hura wuta saboda sanyi. Yaron da aka ce ya warke sai ciwo ya taso masa da tsakar dare, a ƙauyen da babu mota, maganin kuma an yar. Fuka ba ta warkewa da canjin gari, lafawa take yi.

Saboda haka duk wanda zai kawo mai fuka gida, ya haɗo shi da maganinsa, ya kuma zauna ya koya wa wanda zai riƙe shi yadda ake amfani da shi. Maganin shaƙa iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, wanda galibi shuɗi ne, akwai kuma na kullum mai hana kumburi, wanda ake shaƙa ko da ana jin lafiya. Mutanenmu sun fi son na farko domin shi ake ganin aikinsa, alhali na biyun ne ke hana kwanciya asibiti. Maganar da ake yi cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa, wai magani ne ke kama jiki, ba ta da tushe. Na san tsadarsa ta sa wasu suna ja da baya, amma ku kwatanta da kuɗin gado da na iskar da ake saka wa majinyaci. Ƙaramin yaro kuwa ba ya iya ja daidai lokacin fesawa. Likitoci a Afirka ta Kudu sun nuna cewa gorar roba mai cin rabin lita, in an huda gindinta aka sa bakin maganin, tana taimaka masa. Ku tambayi ma'aikacin lafiya ya nuna muku.

Idan kun ga yaro ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, ko an fesa magani bai faɗa ba, kada a tsaya turare ko jiƙo, kada a jira gari ya waye. A nemi abin hawa.

Sauran magana ta shugabanninmu ce. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin mahauta da na direbobi suna da bakin da ake ji. Su ne za su iya hana babbaka da taya a mayanka, su sa a janye janareta daga bakin tagar ɗakin kwana, wanda ban da fuka ma hayaƙinsa yakan kashe mutanen ɗaki gaba ɗaya suna barci. Su ne kuma za su iya zuwa gaban hukuma su nemi a riƙa auna iskar unguwanninmu ana gaya wa jama'a, yadda ake faɗin farashin kaya a rediyo.

Wanda ke da maganin shaƙa a aljihunsa, ya matso da shi nan gaba bayan addu'a, mu duba tare yadda yake riƙe shi.