Ƙyaure Mai Amsa Kiran Waya: Mu Saya Ko Mu Dakata?



Abin da zan yi magana a kai, wani zai ga kamar bai isa a tara jama'a dominsa ba, watau ƙyauren gida. Amma duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Daura a 'yan shekarun nan ya ga yadda gine-gine suke sauyawa. Inda a dā zaure ne da ƙyauren katako da sakata, yanzu katangar bulo ce da ƙatuwar ƙofar ƙarfe wadda mota ke shiga, wadda muke kira get. 'Yan kasuwa kuwa sun biyo baya da tallar injin da ake ɗaura wa get ya riƙa buɗewa da rimot, har ma da wanda ake buɗewa da wayar hannu ko da maigida yana Ikko. Mu da muke jami'a, mu ake tambaya in mun je hutu. Baba ko kawu zai miƙo maka waya ya ce, "Kai ɗan boko, duba mini wannan, in saya?" Amsar da za ka bayar tana iya cinye kuɗin amfanin gona na shekara guda, tana kuma iya barin iyali a waje da tsakar dare. Saboda haka ya kamata mu san abin da za mu ce.

Asalin na'urar

A shekarar 1926 wani Ba'amurke mai suna C. G. Johnson ya ƙera injin lantarki mai ɗaga ƙyauren ɗakin ajiye mota a garin Hartford City na jihar Indiyana. A can ɗakin motar galibi manne yake da gida, ƙyaurensa sama yake yi ya kwanta a ƙarƙashin rufi, injin kuwa yana ciki, rana ba ta dukansa, ruwa ba ya taɓa shi. Daga baya aka yi masa rimot, a zamanin nan kuma aka haɗa shi da intanet. Namu get ɗin mai walda ne ya ƙera shi da ƙarfe mai nauyi, a fili yake tsaye rani da damina. Ke nan tun daga tushe, tufar da aka ɗinka wa wani ce muke shirin sawa, dole mu gwada ta kafin mu biya.

Matakan buɗe ƙofa uku ne. Na farko hannu, watau maigadi ko yaran gida. Na biyu inji da rimot, inda saƙo yake tashi daga hannunka ya faɗa wa injin kai tsaye ta iska. Na uku shi ne na waya, kuma a nan ne nake son ku kasa kunne. A yawancin irinsa, idan ka danna manhajar, saƙon yakan bi ta turken kamfanin sadarwa, ya shiga intanet, ya je manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera na'urar a wata ƙasa, sa'an nan ya dawo gidanka ya umarci injin. Mutum yana tsaye taku biyar daga ƙofarsa, amma sai saƙonsa ya ƙetare teku ya dawo kafin ta motsa.

Amfaninsa

Kada wani ya zaci ƙyamar ci gaba nake yi. Amfanin injin a fili yake. Lokacin da mai mota ya fi zama cikin haɗari shi ne sa'ad da ya tsaya a ƙofar gida da dare yana danna ham, ko ya fita ya bar mota a kunne don ya ture get. Inji yana rage wannan tsayuwa. Dattijon da ƙarfinsa ya ja baya, da matar da mijinta ke aiki a wani gari, da malamin asibiti mai dawowa bayan kowa ya kwanta, duk zai sauƙaƙa musu. Na waya kuma yana ƙara abu biyu: yana sanar da kai duk lokacin da aka buɗe ƙofa, kana kuma iya buɗe wa baƙo kana nesa. Tambayar ita ce, nawa ne farashin wannan ƙari, kuma ba kuɗi kaɗai nake nufi ba.

Wuta da sabis

Mu fara da wuta. Kowa a ɗakin nan ya san halin wutar da muke samu. A watan Oktoba na 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, Kano da Katsina da maƙwabtansu sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Ko a Amurka wannan matsala ta ci rayuka. A gobarar dajin da aka yi a jihar Kalifoniya a 2017, aƙalla mutum biyar sun rasu domin wuta ta ɗauke, sun kasa ɗaga ƙyauren ɗakin mota su tsere. Dalilin haka jihar ta kafa doka cewa daga 1 ga Yuli, 2019, ba za a sayar da injin da ba shi da batir ba. Idan masu wadatar wuta sun ga wajibcin haka, ina ga mu? Injinan get irin na kamfanin Centurion na Afirka ta Kudu da batir suke aiki, wutar gida caji kawai take yi musu, kuma ana iya haɗa su da farantin sola. Amma batir yana da kwanakinsa, zafin bazararmu kuwa yana rage su.

Sai sabis. Farantin sola yana maganin rashin wuta, amma babu farantin da ke maganin rashin sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Batsari da Dutsin-Ma da Funtuwa, aka kuwa yi watanni a haka. Har wa yau, ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga wahala a Nijeriya. Ku lura da kyau: ranar da aka rufe sabis saboda tsaro, ita ce ranar da mutum ya fi bukatar ƙofarsa ta buɗe da sauri.

Mabuɗi a hannun wa?

A biranenmu masu ganuwa, ƙofa ba abin wasa ba ce. Katsina tana da Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da sauransu, a Kano kuwa har sarauta aka yi ta Sarkin Ƙofa, wanda ke rufewa da dare ya buɗe da safe. Magabata sun san cewa wanda ya riƙe mabuɗi shi ya riƙe gari, shi ya sa ba su ba wanda ba su sani ba.

To, wa ke riƙe da mabuɗin ƙofar da ke bin intanet? A ƙarshen 2023 kamfanin Chamberlain na Amurka, mai manhajar myQ, ya toshe hanyar da wasu masu injinsa suke bi su sarrafa ƙofofinsu da manhajojin da ba nasa ba. Sun biya kuɗinsu, injin yana gidajensu, amma hukunci yana hannun kamfani. A watan Afrilu na shekarar kuma, hukumar tsaron intanet ta Amurka ta yi gargaɗi game da na'urorin kamfanin Nexx, bayan an gano cewa kalmar sirri guda ce a cikinsu duka, wanda ya same ta yana iya buɗe ƙofar wani daga ko'ina a duniya. Rimot ma yana da nasa rauni. A 2015 wani mai bincike, Samy Kamkar, ya nuna yadda ake buɗe tsofaffin injina masu lamba ɗaya tak cikin 'yan daƙiƙoƙi da abin wasan yara. Maganin wannan shi ne a sayi rimot mai sauya lambarsa duk lokacin da aka danna. Bugu da ƙari, mu a nan muna fama da ƙwacen waya, wanda ya fizge wayar da ba ta da kulle kuwa ya fizge mabuɗin gida ke nan.

Ƙura, mai gyara da maigadi

Get mai turawa gefe a kan layin ƙarfe yake gudu, ƙasarmu kuwa rairayi ce. Iskar hunturu tana cika layin da ƙasa, tana kuma rufe idon na'urar da ke hana ƙofa matse abin da ya gitta. Wannan ido ba ado ba ne. Amurka ta wajabta irin wannan kariya ga injinan da aka ƙera daga 1993, saboda yaran da ƙyaure ya danne. A gidan da yara da awaki ke shige da fice, sayen inji ba tare da shi ba ganganci ne. Da damina kuma tsawa tana iya ƙone allon na'urar. Idan sakata ta karye, mai walda na Dutsi ko Shargalle zai gyara ta kafin la'asar. Idan allo ya ƙone, wataƙila sai an nemo mai gyara daga Katsina ko Kano, kayan kuwa daga waje suke zuwa, dala kuma da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Akwai kuma mutum. Inji yana buɗe wa duk wanda ya danna. Maigadi ya san fuska, ya san baƙon da ya wuce sau uku yana leƙe, yana amsa sallama, yana kuma ciyar da iyalinsa da albashin nan. Wanda zai sallame shi don ya sayi inji, ya sani ƙarfin hannu kaɗai ya musanya, ido da hankali ya rasa su.

Shawara

Saboda haka idan aka tambaye ku a gida, ga abin da nake ganin ya dace ku ce. Wanda motarsa sau ɗaya take fita a yini, kuma akwai mai buɗe masa, ya bar kuɗinsa, ya sayi kwado mai kyau da fitilar sola a ƙofar gida. Wanda ke da bukata ta gaske, ya sayi inji da rimot mai sauya lamba, da batir, da idon kariya, ya kuma tabbata akwai mabuɗin da ke sakin injin a ture get da hannu, kowa a gidan ya san inda yake, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A bar ƙaramar ƙofar mutane da kwadonta. Wanda ya nace sai ya buɗe daga nesa, akwai na'ura mai ɗaukar layin waya wadda ke buɗewa in lambar da ta sani ta kira ta, ba ta bukatar data. Mai bin intanet kuwa ya zama ƙari a kan rimot, kada ya zama madadinsa. Kafin a biya, a sa mai sayarwa ya kashe wuta ya cire intanet, a ga ko ƙofar za ta buɗe. In ya ƙi, ya ba ku amsa.

Shugaban taro, Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ilimin da muke nema a nan amfaninsa shi ne mu iya tantance abin da za mu karɓa da sharaɗin da za mu karɓe shi a kai. Sharaɗin ƙofa guda ne: mai gida ya iya buɗe ta da kansa, da wuta ko babu, da sabis ko babu.