Kachala a Fadamar Haɗeja da Nguru: Batun Kuɗin Bincike



Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kogin Haɗeja yakan cika da damina, ya janye da rani, fadama ta bushe. Bushewar nan ita ke hana kachala sakewa. Da aka ƙara madatsar Challawa a 1992, ruwa ya daina yankewa, abin da kachala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta kuma zama masaukin jan-baki mai yi wa gero da dawa ɓarna.

Feshin guba ya fi sauƙi, amma ruwan nan shi mutane da shanu ke sha, cikinsa kuma kifi yake. An san cewa in aka yanke kachala a ƙarƙashin ruwa, saiwarta takan rasa iska ta ruɓe. A Senegal har gawayi ake yi da ita. Sauran aiki shi ne a gwada a fadamar kanta: wane wata ya dace da yanka, sau nawa, da yadda za a riƙa sakin ruwan madatsun.

Nan maganar kuɗi ta shigo. Irin wannan gwaji sai ya ga damina uku ko huɗu, alhali kasafin gwamnati na shekara guda ne. Lalle ma'aikatan da ke tsara kasafi su lura: in tallafi ya yanke bayan damina ɗaya, kachala za ta sake tofowa tun masu bincike ba su auna kome ba.