Makarantar da ba ta da aji: jawabi a kan darasin Fulorida



A shekarar 1997 ne gundumomi biyu na jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, wato Orange da Alachua, suka haɗa gwiwa suka buɗe makarantar sakandare ta gwamnati wadda ake ba da darussanta ta intanet. Sunanta Florida Virtual School, kuma da ɗalibai 77 ta soma.

Yaro yana karatu daga gida a gaban kwamfuta. Malami yana gyara masa aiki, yana kiransa ta tarho, shi da uwayensa. Ɗan jihar ba ya biyan ko dala.

Abin lura shi ne maganar kuɗi. A 2003 majalisar dokokin jihar ta tsai da cewa baitulmali zai riƙa biyan makarantar gwargwadon darussan da yara suka kammala suka ci. Idan yaro ya watsar da karatu, makaranta ta yi hasarar kuɗinsa.

Ɗan kasuwa ya san wannan ciniki: a ga kaya, sannan a biya. Sai dai malamin da abincinsa ya rataya ga nasarar ɗalibi yana iya sassauta maki. Saboda haka wajibi ne hukumar da ke biya ta riƙa duba mudun da ake yi mata awo da shi.