Mararrabar Hanya: Jawabi a kan Waƙar Robert Frost



A cikin rubutattun waƙoƙin Turanci, kaɗan ne suka yi suna kamar wadda mawaƙin Amurka Robert Frost ya raɗa wa suna "The Road Not Taken", wato hanyar da ba a bi ba. Ta fara fitowa a mujallar Atlantic Monthly cikin watan Agusta na 1915, kana ta zama waƙar farko a littafinsa Mountain Interval na 1916. Gajeruwa ce: baiti 4, kowane baiti ɗango 5. Duk da gajartarta, yawancin masu ambatonta wutsiyarta suke kamawa, su bar gangar jikin.

Ga abin da ke ciki a taƙaice. Wani matafiyi ne ya iso mararraba a daji, da safe, lokacin da ganyaye ke zuba. Ba shi da ikon bin hanyoyin duka, sai ya daɗe tsaye yana dubawa, daga bisani ya ɗauki ɗaya. Daji a nan rayuwa ce, wadda ba a hangen ƙarshenta; mararraba ita ce sa'ar yanke shawara; matafiyi kuwa kowane ɗan Adam ne.

A Amurka an saba karanta waƙar a bikin sallamar ɗalibai, a matsayin kirari ga jarumin da ya kauce wa turbar jama'a har ya ci nasara. To, amma mai karatu da natsuwa zai tarar baiti na 2 da na 3 sun rushe wannan fassara. A can matafiyin da bakinsa ya amsa cewa sawun mutane a kan hanyoyin kusan ɗaya ne, kuma a safiyar babu wadda wani ya riga ya taka. Iƙirarin cewa ya bi hanyar da ba ta da jama'a sai a baiti na ƙarshe ya zo, shi ma da sigar abin da bai faru ba tukuna: labari ne da yake hasashen zai bayar in ya tsufa, yana ajiyar zuciya. Hatta sunan waƙar, hanyar da aka bari yake ambato.

Tarihin waƙar ya ƙarfafa wannan fahimta. Frost ya zauna Ingila daga 1912 zuwa 1915, inda ya ƙulla abota da marubuci Edward Thomas. Sukan yi yawo tare a karkara, Thomas kuwa yana da halin zaɓen hanya, sa'an nan ya koma yana da-na-sanin wadda ya bari. Frost ya tsara waƙar ne domin ya zolayi abokinsa, ya aika masa da ita. Thomas bai ɗauke ta wasa ba, domin a lokacin yana cikin zullumi: ya bi Frost zuwa Amurka, ko ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Farko? Cikin watan Yuli na 1915 ya shiga soja, aka kashe shi a fagen daga na Arras, ƙasar Faransa, ran 9 ga Afrilu 1917.

Ke nan waƙar na nuna cewa mutum yakan yi zaɓi cikin duhu, bayan shekaru ya ƙawata labarin. Attajirin da kasuwa ta yi wa kyau yakan ce tun farko ya hango riba. Ma'aikacin da ya kai babban muƙami yakan ce shi ya tsara tafiyarsa. Wanda abin ya ɓaci wa kuwa, sai ya yi ta begen hanyar da bai bi ba, alhali bai san abin da ke cikinta ba. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce.

Saboda haka, saurayin da ke tsaye tsakanin karatu da fatauci kada labarin magabata ya ruɗe shi, har ya zaci su sun ga alamar da shi bai gani ba. Ya yi shawara, ya auna, ya ɗauki hanya, ya kuma ɗauki nauyinta. Mai karatu kuma ya riƙa bin magana daga farkonta har ƙarshe, waƙa ce ko takardar yarjejeniya, domin sau da yawa gaskiyarta a tsakiya take kwance.