Kai Ƙoƙon Ubangiji Gidan Marar Lafiya

 Yau za mu yi magana a kan tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ƙafa ta daina kai su majami'a. Akwai kakar da ta yi shekara arba'in tana cin Jibin Ubangiji, yanzu ta shekara biyu a kwance, ba wanda ya tuna ya kai mata ƙoƙo. Ba za ta yi ƙorafi ba, amma a zuciyarta gani take an cire ta daga cikin jama'a.

Jibin nan a gida aka fara shi. Ku duba Luka sura 22, za ku ga a ɗakin bene na gidan wani mutum a Urushalima ne Ubangiji ya zauna da almajiransa. Wajen shekara ta 150 kuma, Yustinu, wanda daga baya aka kashe shi a Roma saboda bangaskiya, ya rubuta cewa bayan sujada dikinoni sukan ɗauki gurasa da ruwan inabi su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Ashe ba sabon abu muke kawowa ba.

To, me za a zuba a ƙoƙon? Nan ne ake yawan gardama. 'Yan'uwanmu Katolika ruwan inabi na ainihi suke amfani da shi, wannan kuwa tsarinsu ne. Yawancin ikkilisiyoyinmu ba sa sa abin da ke bugarwa. A shekara ta 1869 wani ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, ya gano cewa in aka dafa ruwan 'ya'yan inabi aka rufe shi a kwalba, ba zai zama giya ba, ikkilisiyoyi da yawa suka bi wannan hanya. Mu a ƙasar Gbagyi doya da dawa muke nomawa, ba inabi ba, shi ya sa waɗansu ke sayen na kwalba marar giya, waɗansu kuma su dafa zoɓo. Ku tambayi fastonku abin da ikkilisiyarku ta yarda da shi. Amma burkutu kam, ba mu ba da shawara ba ko kaɗan. Dattijon da Ubangiji ya raba shi da gidan burkutu bayan shekaru na fama, ƙanshin kaɗai ya isa ya tayar masa da tsohon ciwo. Manzo Bulus ya gargaɗe mu a Romawa sura 14 kada abin shanmu ya sa ɗan'uwa tuntuɓe.

In zoɓo ne, mata, ku dafa shi a ranar, da ruwa mai tsabta, a tace sosai. Zafin Minna a watan Maris ba ya barin zoɓo ya kwana lafiya, sai ya yi tsami. Kada a cika masa citta da kanumfari kamar na biki, sukari ma kaɗan, in kuwa mai ciwon sukari ne a bar shi haka nan. Kurɓi ɗaya ake bukata. Kowa da ɗan ƙoƙonsa wankakke, musamman inda akwai tari. Wanda ba ya iya haɗiya, a jiƙa masa ɗan gutsuren gurasa, a ɗaga kansa, kada a ɗura masa yana kwance.

Ba maigida ne zai ba da Jibin ba, aikin fasto ne, tare da dattijo ɗaya ko biyu. Naku shi ne ku aika masa, ku share ɗakin, ku shimfiɗa farin ƙyalle a kan ƙaramin tebur ko faranti, ku kashe rediyo, har da wannan shirin namu in ya zo daidai lokacin. Abinci ya jira sai an gama. A Koranti, masu hali sun riga matalauta ci da sha, wani da yunwa wani a buge, Bulus kuwa ya tsawata musu ƙwarai a 1 Korantiyawa sura 11. Saboda haka wanda aka zo dominsa shi za a fara miƙa wa.

Abu guda kuma da muke roƙo. Kaka da yawa Hausarsu ta kasuwa ce. In fasto ba ya jin Gbagyi ko Nufanci, jika ya zauna kusa da kunnenta ya juya mata maganar da harshen da ta sha a nono, a yi waƙar da ta sani, a ba ta lokaci ta yi addu'arta.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.